Kyautar waƙar rap ba ta mai murya kaɗai ba ce

Jiya da dare a teburin mai shayi nan Mabera gardama ta kaure, wani ƙanena ya dage wai duk kyautar da aka ba waƙar hip-hop ta wanda ya riƙe makirfo ce, wai ai rap surutu ne kawai ba rubutu. Na ce yaro zauna ka sha shayinka tukuna.

A Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, abin a rabe yake. Akwai Best Rap Performance, wannan ta wanda ya rera ce. Amma Best Rap Song da aka fara bayarwa a 2004 ta marubuta ce zalla, wato waɗanda suka tsara baitoci da karin waƙar, ko da ba a ji muryarsu ba ko sau ɗaya. Waƙar farko da ta ci ita ce Lose Yourself, kuma Eminem bai ɗauka shi kaɗai ba, da Jeff Bass da Luis Resto aka raba tunda tare suka rubuta ta. Shi ya sa wani lokaci za ka ga sunaye rututu ƙarƙashin waƙa ɗaya.

Batun surutu kuwa, haba, a 2017 aka shigar da Jay-Z Songwriters Hall of Fame, wato zauren karrama marubuta waƙa, ɗan rap na farko kenan, 2018 Kendrick Lamar ya ci Pulitzer, kyautar da ake ba marubuta da masu tsara waƙa a Amurka. Ko nan gida Headies, kyautar waƙa ta Najeriya, na da Lyricist on the Roll, baiti ake aunawa ba yawan masu rawa ba, Mode 9 ya sha lashe ta.

Ƙanen nawa dai ya ce sai ya duba a waya, ashe datarsa ta ƙare.