Me ya sa ɗan tseren keke ke jiran abokin hamayyarsa idan ya faɗi?

Duk watan Yuli, da zarar an fara gasar Tour de France, sai tambayoyi iri ɗaya su yi ta zuwa mini, galibi daga waɗanda idonsu ya saba da ƙwallon kwandon Amurka. Bakina ya gaji da maimaitawa. Ga amsoshin wuri guda.

Doka ce a jira wanda ya faɗi?

A'a. Babu ita a littafin UCI, hukumar tseren keke ta duniya. Ka wuce abinka, ba mai cin ka tara. Kara ce tsakanin mahaya.

To da gaske ana jiran, ko labari ne?

Ana jira. A 2022, zango na 18, a gangaren tsaunin Spandelles, Tadej Pogačar ya sha kwana da faɗi, tayarsa ta hau tsakuwa, ya zube a gefen titi. Jonas Vingegaard ne sanye da rigar ruwan ɗorawa, ta wanda ke kan gaba a gasar, kuma Pogačar ne babban mai barazana gare shi. Sai ya sassauta feda, yana waiwaye, yana waiwaye, har wancan ya iso shi da wando yage a cinya. Pogačar ya miƙo hannu suka gaisa keke na tafiya. Da suka isa hawan Hautacam kuma, Vingegaard ya bar shi a baya da fiye da minti guda. Ya jira shi ya tashi, sannan ya kayar da shi da ƙarfin ƙafa.

Ba wauta ba ce? Ai nasara aka zo nema.

Haba malam. Wanda ke faɗin haka bai taɓa tuƙa keke iska na dukan ƙirjinsa ba. Mahayin da ya laɓe bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, shi ya sa ake tafiya a ayari, ana karɓa-karɓa a gaba, har da waɗanda ba ƙungiyarsu ɗaya ba. Mutum sama da 170, zango 21, mako uku a kan hanya guda. Wanda ka ci amanarsa yau, gobe kana bukatar ya karɓe ka a gaba, kuma ba zai manta ba.

A 2001 Jan Ullrich ya kauce hanya a gangaren Peyresourde, Lance Armstrong ya jira shi. Bayan shekara 2, a hawan Luz Ardiden, igiyar jakar wani ɗan kallo ta sarƙe kan keken Armstrong ya kife, Ullrich da sauran suka sassauta. Armstrong ya lashe gasar 2003 da tazarar daƙiƙa 61. Bashi ne aka ci, aka biya.

Me ya sa Amurkawa ba sa yin haka a wasanninsu?

Saboda suna da usur. A ƙwallon kwando, ko ƙwallon Amurka da ake runguma a ruga da ita, idan ɗan wasa ya ji rauni alƙali ya busa, agogo ya tsaya, kowa ya huta. An ɗora adalcin a wuyan alƙali, saura kuma duk abin da doka ta bari halal ne. Shi ya sa ake yi wa Shaquille O'Neal keta da gangan don an san bai iya jefa ƙwallon tara ba, kuma ana kiran wannan dabara. Shi ya sa a ƙwallon Amurka koci ke neman hutu daidai lokacin da mai bugun ƙwallo na abokan hamayya ya shirya, don kawai ya rikita shi. A tseren keke agogo ba ya tsayawa don wani ya faɗi. Idan mahayan ba su tsayar da kansu ba, babu mai tsayar da su.

Kuma ku daina ce mini Amurkawa ba su san kara ba. Suna da tasu. Ƙungiyar kwando da ta riga ta ci wasa ba ta ƙara jefawa a daƙiƙun ƙarshe. A 2020 Fernando Tatís Jr. na ƙungiyar besbol ta San Diego ya make ƙwallo ta fita fili ya ƙara ci 4 alhali suna gaba da 7, aka yi masa ca, har ya nemi afuwa. Tasu karar ita ce kada ka wulaƙanta wanda ya riga ya sha kashi. Ta 'yan keke ta fi tsada, domin ana yin ta ne tun kofin bai san hannun da zai faɗa ba.

Idan ba faɗuwa ba ce, sarƙa ce ta zame ko taya ta yi faci, in jira ko in wuce?

Wannan ce tambayar, kuma duk wanda ya ba ka amsa cikin kalma ɗaya ya yaudare ka.

Ɗauki 2010. Zango na 15, dab da ƙolin Port de Balès, Andy Schleck na sanye da rigar, yana gaban Alberto Contador da daƙiƙa 31. Shi da kansa ya taso da hari, yana cikin gudu sarƙa ta zame, ya sauko yana kokawa da ita da hannu. Contador ya wuce shi bai waiwaya ba, ya ci daƙiƙa 39, aka yi masa ihu lokacin da ake sa masa rigar, da dare ya fitar da bidiyon ban haƙuri. Da aka isa Paris, tazarar da ke tsakaninsu daƙiƙa 39 ce cif. Har yau ana gardama, kuma kowane ɓangare na da abin riƙewa.

Abu na farko da ake dubawa: wuta ta riga ta kama? Idan ayari na tafiya a natse mai riga ya yi faci, kai hari a nan abin kunya ne, babu ja. Fabio Aru ya gwada a 2017 a hawan Mont du Chat lokacin da Chris Froome ya ɗaga hannu yana neman wani keke, sauran suka ƙi ba shi haɗin kai. Amma idan an riga an ɓalle kowa na iyakar ƙarfinsa, da wuya a ce mutum ya taka birki. Na biyu: ƙaddara ce ko sakaci? Jakar ɗan kallo ƙaddara ce. Sarƙar da ta zame wajen sauya giya, wasu na ganin rashin iya tuƙi ne, kuma iya tuƙi na cikin gasar. Na uku: ku biyu ne kawai? Tare da Contador akwai Denis Menchov da Samuel Sánchez, masu neman matsayi su ma. Idan ya tsaya su ba su tsaya ba fa? Haka aka yi a gasar Italiya ta 2017, da ciwon ciki ya sauke Tom Dumoulin, wanda ke kan gaba a gasar, a gefen hanya: aka ɗan sassauta, sai aka ga akwai wasu can gaba suna ƙara nisa, aka ci gaba.

Akwai kuma abin da masu tausayin Schleck ba sa son a tuna. A zango na 2 na wannan gasar, da mahaya suka zube a wata gangara mai santsi a Beljiyam, har da Schleck, abokin ƙungiyarsa Fabian Cancellara ne ya sa ayari duka ya jira. Washegari a kan hanyar duwatsu, haɗari ya tare Contador a baya, Cancellara ɗin nan ya ja Schleck suka ƙara wuta, ba su jira kowa ba. Kara takan bi son zuciyar mai faɗa a ji, wannan gaskiya ne, kuma yana ci mini rai.

To ni ga abin da nake cewa, ba tare da na rantse ba. Idan tseren kwana ɗaya ne, irin Paris-Roubaix, wuce. Can faci da faɗuwa na cikin abin da aka zo yi. Idan na kwanaki ne, ba a fara fafatawa ba, kuma abin ba laifinsa ba ne, jira. Idan an riga an fara, ci gaba da gudun da kake yi amma kada ka ƙara don ka ga ya tsaya. Idan kuma ba ka gani ba, kwantar da hankalinka, ba ka yi laifi ba. Sai dai kada ka ce ba ka gani ba alhali ka gani. Mahaya sun san juna.

Wane dattako kuma, ba duk masu shan ƙwayar ƙara kuzari ba ne?

Ba duka ba, amma tambayar na kan hanya. An ƙwace kofuna 7 na Armstrong a 2012, ya amsa laifi a 2013. Ullrich ma ya amsa cewa an yi masa ƙarin jini. Contador ya rasa kofin 2010 saboda haramtaccen sinadarin clenbuterol, aka ba Schleck. Abin da ya fi ɓata mini rai, haɗin kan da ke sa a jira wanda ya faɗi, shi ne ya rufe bakin kowa shekara da shekaru. A 2004 Armstrong ya bi Filippo Simeoni, wanda ya ba da shaida a kan Michele Ferrari, likitan da aka zarga da ba mahaya haramtattun magunguna, ya hana shi tafiya da waɗanda suka ɓalle, ya dawo da shi cikin ayari ana zaginsa. Mutumin da ya jira Ullrich ne ya yi wannan. Ban yarda a wanke shi da jiran ba, ban kuma yarda a ce jiran banza ne saboda shi ba.

Idan aka faɗi dab da ƙarshen zango fa?

Wannan a rubuce take. A zangon shimfiɗaɗɗiyar hanya, wanda ya faɗi ko kekensa ya lalace cikin kilomita 3 na ƙarshe ana ba shi lokacin rukunin da yake ciki, wani zangon ma ana ƙara nisan zuwa 4 ko 5. Idan zangon a kan tsauni yake ƙarewa, babu wannan rangwamen.