Ma'anar kalmar "tasha" da rayuwar da ke taruwa a bakinta

Kalmar tasha ta zauna daram a bakin Bahaushe, har wasu suna zaton daga "tashi" aka samo ta, tun da a nan ne mota da jirgi suke tashi. Zaton yana da daɗin ji, amma kalmar aro ce daga "station" ta Ingilishi, wadda Hausa ta sassaƙe, ta ba ta jinsin mace da jam'i irin nata, aka ce tashar jirgi, aka ce tashoshi.

Tare da layin dogo ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a wajen ganuwa aka kafa tasharsa, inda ba da jimawa ba kantunan kamfanonin Turawa, rumbunan gyaɗa da unguwar Sabon Gari suka bunƙasa a kusa. Haka layin ya ci gaba har Kaura Namoda da Nguru, ya raya garuruwa irin su Kafanchan. Tun daga wancan lokaci ma'anar tasha ta wuce wurin hawa da sauka kawai, ta zama wurin da gari yake tsirowa. Shi ya sa ake samun garuruwa da unguwanni masu ɗauke da sunan, kamar Tashar Yari a jihar Kaduna. Daga baya kalmar ta yi rassa, aka sami tashar rediyo da tashar jiragen ruwa, amma wannan wani zance ne.

Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne, tasha iri biyu ce a zahiri, kuma kowace da ƙa'idarta. Tashar jirgi agogo take bi: akwai tikiti, akwai lokacin tashi, wanda ya makara ya tarar da wayam. Tashar mota kuwa cika take bi. Bas ba ta motsawa sai kujerun sun ƙare, kowane direba yana jiran layinsa na lodi a ƙarƙashin kulawar 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW, su kuma 'yan kamasho suna ta kiran "saura mutum ɗaya", alhali wanda ya leƙa ta taga zai ga kujeru biyar babu kowa. Wannan jira ne yake ciyar da tasha. Fasinjan da ya san zai yi awa ɗaya a zaune shi ne mai sayen shayi da burodi, shi ne mai ba da wayarsa caji a rumfa, mai cirar kuɗi wajen mai POS, mai kiran ɗan dako ya ɗora masa buhu a baro. A gefe ga mai faci da injinsa, ga mai ƙosai tana korar hayaƙi da murfin roba, ga ɗan ƙaramin masallaci da butoci a jere. Duk wanda ya tsaya a tashar Unguwa Uku a Kano da sassafe ya san wannan hoto.

Daga wannan cakuɗa ne aka sami "ɗan tasha" da "tashanci", wato rashin kunya, ashar da iya shege. A ganina akwai rashin adalci a wannan laƙabi, domin mafi yawan masu wuni a tasha neman halal ne ya kai su, kuma sau da yawa su ne suke nuna wa baƙo hanya, su tsare kayan da aka manta har mai su ya dawo. Sai dai wuri ne da babu wanda ya san asalin wani, kuma Bahaushe bai cika amincewa da irin wannan wuri ba.

Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, ya maimaita tsohon labarin a bayan gari. Tashoshinsa ba a tsakiyar birni suke ba: Idu da Kubwa a ɓangaren Abuja, Rigasa a ɓangaren Kaduna. A Rigasa ana ganin irin tashoshin nan biyu, ta jirgi da ta mota, manne da juna. Cikin shinge akwai layi, binciken kaya da jiran lokaci, amma da zarar jirgi ya sauke mutane suka fito ƙofa, sai su faɗa hannun 'yan tasi da masu keke Napep, kowa yana kiran Kawo ko Mando ko Kasuwa, ana ciniki, ana jiran a cika. Lokacin da aka dakatar da jirgin bayan harin 28 ga Maris 2022, ginin tashar yana nan yadda yake, amma masu abinci, 'yan dako da direbobin da ke bakin ƙofa sun shafe kusan wata takwas ba fasinjan jirgi, har sai da aka dawo da zirga-zirga a watan Disamba na 2022.