Me sunan Gizo yake nufi a tatsuniya?

Daga ina sunan ya samo asali?

Daga gizo-gizo ne, ƙwaron nan mai saƙa a kusurwar ɗaki, wanda wasu ke kira tautau. Da aka shigar da shi tatsuniya sai aka yar da rabin kalmar, ya zama sunan yanka. Haka aka yi wa matarsa: ƙoƙi-ƙoƙi ta koma Ƙoƙi. Shi ya sa a rubuce ake ba su babban baƙi, Gizo da Ƙoƙi, ƙwarin kuma ƙarami.

To, ƙwaro ne ko mutum?

Ai a nan gizo ke saƙar. Mai tatsuniya ba ta tsayawa siffanta shi. Yana noma, yana da gida da iyali, yana zuwa fada ya faɗi gaban sarki, sannan gobe ka same shi yana cinikin rance da giwa da dorina. Abin da ya gada daga ƙwaron hali ne: ɗan ƙarami marar ƙarfi da ke kafa tarko ya kama wanda ya fi shi. A tatsuniyar giwa da dorina igiya ɗaya ya ba su, kowa ya riƙe baki guda yana ja, yana zaton da Gizo yake ja-in-ja. Mutanen Akan na Ghana ma suna da nasu, Ananse, shi ma gizo-gizo ne, Yarabawa kuwa kunkuru suka ɗora wa wannan aiki.

Me ya bambanta shi da dila?

Dila malamin daji ne, wayonsa na tsira ne da raba gardama. Wayon Gizo ciki ne ke tuƙa shi. Ga haɗama, ga ƙyuya, ga butulci. Hankaki sun ara masa fuka-fukai ya je cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya hana su ci, suka ƙwace kayansu suka bar shi a kan itace. Don haka in aka ce wa mutum Gizo, yabon kaɗan ne, zagin ya fi yawa.

Me ya sa ake ambatonsa a rufe tatsuniyar da ba ya ciki?

Ana cewa, "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Mai ba da labari ta shafe dare tana faɗin abin da bai faru ba, ƙarya kuwa abin kunya ce, sai ta jingina wa Gizo. Sunan ya zama lasisin ƙirƙira ke nan.

Wannan ma'ana ta abu marar tabbas ta bi kalmar har cikin maganar yau da kullum. "Yana yi mini gizo" na nufin ido na ganin abin da babu shi. Karin maganar "tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi" kuwa ana yi wa mai zance ɗaya kullum. Yanar gizo dai daga saƙar ƙwaron aka aro ta, ba ruwanta da mijin Ƙoƙi.

Marubuci ya zai yi amfani da shi bai ɓata ba?

Da farko muryarsa. Gizo na da tsamin baki: "s" kan koma "sh", "r" ta koma "y", sarki ya zama "shayki". A baka wannan ne ke sa yara dariya, amma a takarda in aka cika shi karatu na wuya. Ya isa a sa shi a kalma biyu ko uku cikin kowace magana tasa, a bar sauran daidai.

Kuskure mafi yawa shi ne shiryar da shi. Littattafan yara kan sa Gizo ya tuba a ƙarshe, ya nemi gafara. A tsofaffin tatsuniyoyi, irin waɗanda wani Bature mai suna Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913, sau da yawa yakan sha da laifinsa, wani lokaci kura ce ke shan dukan. In ma asirinsa ya tonu, tserewa yake yi, tatsuniya ta gaba kuma ya dawo da yunwarsa.