Jarida "mai cin gashin kanta": abin da kalmar ke nufi a ɗakin labaran ɗalibai

Da wuya ka buɗe shafin jaridar ɗaliban jami'a ba ka ga an rubuta a ƙarƙashin sunanta cewa "mai cin gashin kanta" ce ba. Wasu su ce "mai zaman kanta". Kalmar ta yi yawo a baki har ta fara salancewa, kuma da yawan masu rubuta ta ba su taɓa zama sun auna nauyinta ba, sai ranar da wayar babban edita ta yi ƙara da tsakar dare.

A wajen ma'aikatan jarida, cin gashin kai amsar tambaya ɗaya ce: wa ke da maganar ƙarshe kafin labari ya fita? Idan ɗalibin da ke riƙe da kujerar babban edita shi ne zai ce "a buga" ko "a dakata", kuma babu wani na sama da zai karanta labarin tun bai fita ba ya soke shi, to jaridar na cin gashin kanta. Idan kuwa sai an kai wa shugaban sashe, ko jami'in kula da harkokin ɗalibai, ko kakakin jami'a ya duba ya sa hannu, to ko da an rubuta kalmar da manyan baƙaƙe a saman shafi, suna ne kawai.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikita su da ita. Na farko mujallar da ofishin hulɗa da jama'a na jami'a ke fitarwa, mai ɗauke da hotunan bikin yaye ɗalibai da sabon ginin da aka buɗe. Wannan aikinta tallata makaranta ne, kuma ba laifi ba ne, ita ma ta san matsayinta. Na biyu jaridar gwaji da sashen koyar da aikin jarida ke haɗawa, wadda malami ke dubawa ya ba da maki. Wannan aji ne, malami ne mai ɗaki. Jarida mai cin gashin kanta daban take: wanda take wa aiki shi ne mai karatu, wato ɗalibin da ke son sanin me ya sa aka ƙara kuɗin makaranta, ina kuɗin ƙungiya suka shiga, me ya hana sakamakon jarrabawa fitowa.

Na fahimci kalmar sosai a wani dare, lokacin ina ɗalibi ina taimaka wa editan jaridarmu. Mun kwashe mako biyu a kan labarin wani ɗakin kwana da rufinsa ke yoyo, an ce an ware kuɗin gyara amma ba a ga ko buhun siminti ba. Muna da hotuna, muna da kwafin takardar da aka sanar da aikin, mun aika wa ofishin da abin ya shafa tambayoyi har sau biyu ba amsa. Saura a latsa maɓalli labari ya hau shafi, sai waya ta shigo. Mai kiran bai ɗaga murya ba, bai yi barazana ba. Cewa ya yi, "Yarana, ku turo mini in duba muku, kada ku jefa kanku cikin matsala." Editan ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya dube mu. Har yau ina tuna yadda ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan fankar kwamfuta. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu iya turo labarin ba, amma ga tambayoyinmu nan, duk amsar da ka bayar za mu buga ta yadda ka faɗe ta." Wannan amsa ita ce fassarar kalmar da na fi yarda da ita, domin ta raba abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. Wanda aka ambata a labari yana da haƙƙin a ji ta bakinsa. Ba shi da haƙƙin ya riƙe alƙalamin.

Ƙofar da aka fi shigowa ta ita don karɓe wannan alƙalami ita ce ta kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jaridar da jami'a ke biya wa kuɗin buga takarda, ta ba ta ofis da lantarki da intanet, tana zaune ne a gidan aro. Shi ya sa wasu tsofaffin jaridun ɗalibai a Amurka, irin su Harvard Crimson da aka kafa a 1873 da Yale Daily News ta 1878, suke rayuwa da kuɗin talla da gudummawar tsofaffin ma'aikatansu, ba sa jiran aljihun jami'a. Wasu kuma rigima ce ta fitar da su. A 1971, jaridar Daily Californian ta Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ta buga sharhin da ya kira mutane su ƙwato wani fili da ake takaddama a kansa mai suna People's Park. Aka nemi a tsige editoci uku, ƙarshenta jaridar ta ɓalle ta zama kamfanin kanta. Stanford Daily ta bi wannan hanya a 1973, ita kuwa Daily Tar Heel ta Jami'ar North Carolina ta daina karɓar kaso daga kuɗin da ɗalibai ke biya a 1993.

Sai dai kada a ɗauka raba asusu shi kenan magana ta ƙare. The Red & Black ta Jami'ar Jojiya ta rabu da jami'arta tun 1980, tana da kwamitin gudanarwa na kanta. Amma a watan Agusta na 2012 editocinta ɗalibai suka ajiye aiki suka fice gaba ɗaya, saboda kwamitin ya ɗauki maganar ƙarshe ya miƙa wa wani ma'aikaci da ba ɗalibi ba, har ma da takardar da ke neman a yawaita labarai masu daɗi a rage marasa daɗi. Sai da aka janye wannan tsari suka dawo. Jami'a ba ta sa hannu ba, amma 'yancin ya kusa salwanta a cikin gida. A ɗaya gefen kuma akwai jaridu da yawa da ke karɓar tallafin makaranta suna kuma buga abin da suka ga gaskiya ne, domin akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta ce bayar da kuɗi bai ba kowa izinin duba labari ba. A ganina wannan ya fi dacewa da yawancin jaridun ɗalibai, waɗanda talla ba za ta taɓa riƙe su ba. Ba kowa ke da tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni ba.

Ƙofa ta biyu ita ce tace labari kafin ya fita, kuma a nan ne kotuna suka fi shiga. Kowace ƙasa da dokarta, amma shari'o'in Amurka ne aka fi ambata saboda sun fito da matsalar fili. A 1988 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Hazelwood, ta ba shugaban wata makarantar sakandare gaskiya bayan ya cire shafuka biyu daga jaridar ɗalibai. An daɗe ana ganin hukuncin na yara ne, bai shafi jami'a ba. Sai ga wata shugabar harkokin ɗalibai a Jami'ar Governors State ta jihar Illinois ta kira maɗaba'a a 2000 ta ce kada a sake buga jaridar ɗalibai mai suna Innovator sai hukumar jami'a ta duba. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ma'aunin Hazelwood na iya aiki har a jami'a. Jihar ta mayar da martani a 2007 da dokar da ta kare jaridun ɗaliban jami'o'in gwamnati. Abin lura a labarin nan shi ne ba editocin aka kira ba, mai injin bugawa aka kira. Yau kwatankwacinsa shi ne wanda ke riƙe da kalmar sirrin shafin. Idan shafin jaridarku yana zaune a kan na'urar jami'a, ko wani ma'aikaci ne kaɗai ya san yadda ake shiga, to akwai mai iya kashe ku da yatsa ɗaya.

Ƙofa ta uku gajeriya ce: wa ke naɗa edita, wa ke iya tsige shi? Malami mai ba da shawara alheri ne babba, musamman wanda ya taɓa aikin. Ya karanta abin da ya fito ya yi gyara, ya faɗi inda ake neman taka doka. Amma shawara sunanta shawara.

Me ya sa ake wannan wahala a kan jaridar da watakila mutum ɗari biyar ke karantawa? Domin babu wanda ya fi ɗalibi kusa da labarin jami'a, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙarshen 2022 wani ɗan ajin farko, Theo Baker, ya fara buga rahotanni a Stanford Daily kan zargin an jirkita hotunan bincike a wasu takardun kimiyya da shugaban jami'ar, Marc Tessier-Lavigne, ke cikin marubutansu. Kwamitin da aka kafa bai same shi da yin maguɗi da hannunsa ba, amma ya ce bai tashi tsaye wajen gyara kurakuran ba, kuma a watan Yulin 2023 ya sanar da murabus. A wannan watan dai, jaridar ɗaliban Jami'ar Northwestern, Daily Northwestern, ta buga bayanin wani tsohon ɗan wasa kan cin zarafin sababbin 'yan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar. Kocin, Pat Fitzgerald, wanda da farko dakatarwar mako biyu aka yi masa, aka sallame shi cikin kwanaki, duk da ya ce bai san abin na faruwa ba. Ka ƙaddara labaran nan biyu sai sun bi ta teburin ofishin shugaban jami'a kafin su fita.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wanda kuma ya fi damuna. Yawancin lokaci ba hukuma ke ƙwace 'yancin jaridar ɗalibai ba, 'yan jaridar ne ke ajiye shi da kansu. Jami'a ƙaramar duniya ce. Shugaban ƙungiyar ɗalibai da ake zargi da cin kuɗi abokin ɗakinka ne a bara. Malamin da aka yi ƙorafi a kansa shi zai duba kundin bincikenka na shekarar ƙarshe. Mai shagon da ya ba ku talla shi ne ɗalibai ke kuka da shi. Babu wanda zai kira ka a waya. Kai ne za ka ce wa kanka labarin bai nuna ba, a bari sai zango mai zuwa, zangon kuma ba ya zuwa. Wannan tacewar ta fi ta hukuma haɗari saboda ba ta barin shaida, ba wanda za ka kai ƙara. Maganin da na gani yana aiki shi ne a faɗi alaƙa a fili a taron editoci: "Wannan abokina ne, a ba wani labarin." Kuma mai neman kujera a ƙungiyar ɗalibai ya ajiye katin jarida tukuna. Ba a gudu ana susar takashi.

Sannan 'yancin yana zuwa da kayansa. Tunda babu na sama da zai duba, to babu na sama da za a jingina wa laifi. Idan kun ɓata sunan mutum da jita-jitar da kuka tsinta a zauren WhatsApp, sunan edita ne a takardar lauya. Shi ya sa jarida mai cin gashin kanta ta fi ta gwaji buƙatar tsantseni: majiya fiye da ɗaya a kan zargi mai nauyi, takarda a hannu kafin a ambaci adadin kuɗi, isasshen lokaci ga wanda ake zargi ya kare kansa, da gyara a fili idan an yi kuskure, a rubuta cewa an gyara da abin da aka gyara. Goge labari a ɓoye da dare cin amanar mai karatu ne. Hukumar da ta ga kuna buga amsarta cikakkiya, kuna kuma amsa kuskurenku, hujjarta ta neman duba labari tana raguwa.

Rauni mafi girma na irin wannan jarida shi ne mantuwa. Duk shekara uku ko huɗu ma'aikatanta sun sauya kaf, alhali magatakardan jami'a yana nan a kujerarsa, ya ga editoci goma sun zo sun wuce. Abin da wani edita ya tsaya ya ƙwato, na bayansa na iya miƙa shi cikin ladabi don bai san an taɓa yin faɗa a kansa ba. Don haka a rubuta komai a kundin tsarin jaridar: cewa babban edita ɗalibi ne kuma ma'aikatan jaridar ke zaɓensa, cewa ba a nuna wa kowa labari kafin a buga, cewa mai talla da mai tallafi ba su da ta cewa a ɗakin labarai, da dalilan da za su iya sa a tsige edita da waɗanda za su yanke hukuncin. In za a samu jami'a ta sa hannu a kai lokacin da ake zaman lafiya, ya fi, domin ba a fara neman sa hannu ranar da rigima ta tashi.

Ranar da editanmu zai miƙa ragama, ya zo da wani tsohon fayil mai kore. A ciki akwai kundin tsarin, da kalmomin sirrin shafi a ambulan rufaffe, da sunayen ofisoshin da ke amsa tambaya da waɗanda sai an je da ƙafa, da kwafin kowace wasiƙar ƙorafi da aka taɓa aiko mana tare da amsar da aka bayar. Ya zaunar da wadda za ta gaje shi, suka bi takardun ɗaya bayan ɗaya har yamma ta yi, sannan ya ba ta makullin ofis.