Zanen ƙarƙashin teku a jikin bango

Zanen ƙarƙashin teku a jikin bango wani reshe ne na zanen bango da ke nuna duniyar cikin ruwa: kifaye, murjani, ciyayin teku da hasken rana da ke ratsa ruwan.

Tarihi

Daga cikin tsofaffin misalan da aka sani akwai zanen dolfin, wasu dabbobin teku masu kama da manyan kifaye, na fadar Knossos, a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, wanda ake kyautata zaton an yi shi wajen shekaru 3,500 da suka wuce. An shafa launukan ne a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa, ta yadda idan yaɓen ya bushe launin zai kama jikinsa. Gutsattsarinsa aka tsinta bayan Arthur Evans, wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi, ya fara haƙa wurin a 1900, kuma yawancin abin da ake gani a yau gyara ne na zamani. Masana sun saɓa kan ko asali a bango yake ko a daɓen bene.

Masu zanen dā daga sama suke hangen ruwa. Abin ya sauya ne a ƙarni na 19, lokacin da Eugen von Ransonnet, mutumin Ostiriya, ya nutse a gaɓar Siri Lanka, wajen 1864, cikin wani akwatin ƙarfe mai tagar gilashi, ya zauna yana zana murjani da idonsa. Zane-zanensa sun nuna yadda ruwa ke dusashe launi da nesa.

A zamaninmu, Ba'amurke Robert Wyland ya yi fice da zanen manyan kifayen wel daidai girmansu na zahiri. Ya fara a Laguna Beach ta jihar Kalifoniya a 1981, ya cika na ɗari a Beijin a 2008. Wanda ya yi a Long Beach a 1992 ya zarce murabba'in mita 10,000.

Dabarun aiki

Ginshiƙin aikin shi ne haske. Ruwa yakan haɗiye jan launi tun a mitocin farko, shuɗi kuwa shi ke kaiwa can ƙasa. Saboda haka mai zane yakan fara da shimfiɗa bango gaba ɗaya: shuɗi mai haske da ɗan kore a sama, yana ƙara duhu har ƙasa, yana haɗa gaɓar launukan tun fenti bai bushe ba, da rola, faffaɗan buroshi ko injin feshi. Duwatsu da kifayen nesa akan yi su dishi-dishi, launinsu kusa da na ruwan. Ja, ruwan ɗorawa da ƙananan bayanai kamar ɓawon kifi ana barinsu ga abin da ke kusa da mai kallo.

Zaren hasken da ke saukowa daga saman ruwa ana fitar da shi da farin fenti da aka tsinka sosai, a shafa sau da yawa. Soso kuma yana ba murjani kaushinsa.

Ana ɗora siffofi a bango ta hanyar raba shi gida-gida ko haska hoton da majigi.

Kariya

Bangon waje yakan buƙaci shafin kariya daga rana da gishirin iskar teku.