Ma'anar sa ido kan ɗa'ar bincike a yankunan da ake yaƙi

Idan aka ce sa ido kan ɗa'ar bincike, ana nufin tsarin da ya wajabta wa duk mai son gudanar da bincike a kan mutane, na gwajin magani ne ko na yin tambayoyi da tattara bayanai, ya fara miƙa shirinsa ga wani kwamiti mai zaman kansa da ba ya cin moriyar aikin. Wannan kwamitin ɗa'a, wanda galibi ya ƙunshi likitoci da masana da lauya da wakilin jama'ar gari, yana da ikon amincewa, ko neman gyara, ko hanawa ɗungurum. Yana duba ko amfanin binciken ya rinjayi haɗarinsa, da yadda aka zaɓi waɗanda za su shiga, da ko an yi musu bayani da harshen da suke ji sun yarda ba tare da matsi ba, da kuma yadda za a rufa musu asiri.

Daga yaƙi wannan tunani ya samo asali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an gurfanar da mutum 23 a birnin Nuremberg na Jamus, 20 daga cikinsu likitoci, saboda gwaje-gwajen da suka yi a kan fursunoni, kuma hukuncin da aka yanke a 1947 ya zo da ƙa'idoji 10, na farkonsu shi ne ba a taɓa mutum sai da yardarsa ta son rai. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da nata ƙa'idojin bincike a kan mutane, wato Sanarwar Helsinki, a 1964, sannan a gyaran da aka yi mata a Tokyo a 1975 aka shigar da sharaɗin kwamiti mai zaman kansa. Sai dai an tsara waɗannan ƙa'idoji ne da tunanin wurin da asibiti ke aiki, kotu na zama, mutum kuma na iya cewa a'a ya koma gidansa lafiya. A inda ake ɓarin wuta, duk waɗannan sukan rushe.

A ɗauki batun yarda. Ga mace a sansanin 'yan gudun hijira, da goyo a bayanta, kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba. Sai wani mai riga da tambari ya sauko daga farar mota irin wadda ke kawo kayan agaji, riƙe da takarda, ya ce yana da 'yan tambayoyi kuma ba dole ba ne ta amsa. Da wuya ta ƙi, domin a zuciyarta ƙin amsawa na iya sa a cire sunanta daga jerin masu karɓar tallafi, kuma mai neman taimako ba ya yi wa mai bayarwa gardama. Wannan "to" da ta faɗa ta cika sharaɗin takarda, amma ba ta cika sharaɗin Nuremberg ba. Saboda haka kwamiti mai sanin aikinsa yakan nemi a raba masu bincike da masu rabon agaji a fili, a maimaita mata cewa rabonta na nan ko ta ƙi. Sa hannu ma kansa haɗari ne: takarda mai ɗauke da sunanta ko hoton yatsarta, idan ta faɗa hannun 'yan bindiga a shingen hanya, ta zama shaidar cewa ta yi magana da baƙi. Shi ya sa a irin wannan hali ake karɓar yarda ta baki.

A ganina, a batun kare bayanai ne aka fi yin sakaci, domin mutane na ɗauka allura da ƙwaya ne kaɗai ke cutarwa, alhali a fagen yaƙi bayani na kisa. Sunan ƙauye da ranar da aka kai hari da shekarun mai magana sun isa a gane ta ko da an goge sunanta. Wanda ke shakkar haka ya tuna cewa a watan Janairun 2022 Kwamitin Red Cross na Duniya ya sanar da cewa an yi wa kwamfutocinsa kutse, aka kai ga bayanan mutane fiye da 515,000, cikinsu har da waɗanda rikici ya raba da iyalansu. Tun a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan binciken cin zarafin mata a lokutan rikici, inda ta ce kada a fara tambayar waɗanda aka yi wa fyaɗe sai an tanadi inda za su samu kulawa. Tono ciwon mutum a tattara littafi a tafi zalunci ne, komai kyan niyyar mai tonon.

Sai kuma tambayar wa zai sa idon. Kwamitin ƙasar da ake yaƙin na iya watsewa, ko ya kasance ƙarƙashin gwamnatin da ita ma ɓangare ce a rikicin, wadda ba za ta so a ƙidaya waɗanda sojojinta suka kashe ba. Kwamitin jami'ar baƙon mai bincike da ke wata nahiya kuwa bai san wace tambaya ce za ta jawo wa mutum bala'i ba. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta kafa nata kwamitin mai zaman kansa a 2001, kuma abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa idon waje da na 'yan ƙasa. Dole kariyar ta haɗa da tafintoci da direbobi da matasan da ke tattara bayanai, domin su ne za su ci gaba da zama a wurin bayan baƙon ya hau jirgi.

Duk da haka, hana bincike baki ɗaya zai cuci mutanen da ake son karewa, domin zai bar su ana yi musu magani da kintace. Misalin gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ya nuna ana iya yin aikin bisa ƙa'ida ko da harsashi na tashi. A watan Nuwamban 2018, lokacin annobar Ebola a lardin Kivu ta Arewa, cibiyar binciken lafiya ta ƙasar ƙarƙashin Farfesa Jean-Jacques Muyembe da abokan aikinta suka fara gwada magunguna huɗu, kuma babu majinyacin da aka bari ba a ba shi ɗaya daga cikinsu ba. An kai hari cibiyoyin jinya na Katwa da Butembo a watan Fabrairun 2019, amma wani kwamiti mai zaman kansa ya ci gaba da duba sakamakon yayin da aikin ke tafiya. A watan Agustan 2019, bayan an shigar da majinyata 681, kwamitin ya ga biyu daga cikin magungunan sun rage mace-mace zuwa kusan kashi 29 da kashi 34 cikin 100, yayin da na maganin da ake kwatantawa da shi ke kusan kashi 50, sai ya ba da shawarar a daina ba da sauran biyun, a mayar da sabbin majinyata kan waɗanda suka fi ceton rai.