Special English: Turancin Muryar Amurka na masu koyo

Special English wani sauƙaƙaƙƙen nau'in Turanci ne da gidan rediyon Muryar Amurka ya ƙirƙira domin masu sauraron da Turanci ba harshen uwarsu ba ne. An fara watsa shi ranar 19 ga Oktoba, 1959, ta gajeren zango, zamanin da Henry Loomis ke shugabantar gidan. A shekarar 2014 aka mayar da sunan sashen Learning English, aka ƙara darussan bidiyo da na intanet.

Ƙa'idojinsa ba su da yawa. Ana rubuta labari da kalmomi kusan 1,500 da aka tattara a wani ɗan ƙamus mai suna Word Book, wanda ya fara fitowa a 1962, aka kuma riƙa sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Jimla gajeriya ce, tana ɗauke da magana guda. Mai karatu kuma yana rage gudu zuwa kusan kashi biyu bisa uku na yadda aka saba karanta labarai, har mai sauraro ya ji inda kowace kalma ta fara da inda ta ƙare. Idan wata kalmar kimiyya ko siyasa ta zama dole, sai a kawo ta a yi bayaninta nan take. Ba shi ne farau ba: tun 1930 wani masani ɗan Ingila, C. K. Ogden, ya fito da Basic English mai kalmomi 850, sai dai nasa ya fi zama a takarda, wannan kuwa don kunne aka yi shi.

A da, shirin yakan ɗauki rabin awa: minti goma na labaran duniya, sauran kuma rahotanni kan noma, lafiya, kimiyya, tarihin Amurka da nishaɗi. Ya yi farin jini ƙwarai a ƙasar Sin daga ƙarshen shekarun 1970.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne batun salon magana. Dokar rubutun ta ce a guje masa, domin shi ne ramin da mai koyo ke faɗawa ko da ya san kowace kalma. Ɗalibin da ya san "kick" da "bucket" zai ji an ce wani ya "kicked the bucket" ya ɗauka bokiti ya shura, alhali mutuwa ake nufi. Ko bayan ya gane hakan, da sauran rina a kaba, domin maganar ta barkwanci ce, ta fi kusa da "ya sheƙa barzahu" fiye da "ya riga mu gidan gaskiya". Wanda ya faɗe ta a wurin ta'aziyya ya yi ɓaranɓarama. Haka "raining cats and dogs" ba ruwansa da kyanwa ko kare, shi ne ruwa kamar da bakin ƙwarya. "Break a leg" kuwa, da ake gaya wa ɗan wasan kwaikwayo kafin ya hau dandamali, fatan alheri ne, ba mugun baki ba.

Da yake Ba'amurke ba ya iya hira babu irin waɗannan, sai aka kore su daga labarai aka ba su ɗakinsu daban: shirin mako-mako mai suna Words and Their Stories, wanda ke ɗaukar salon magana ɗaya ko wasu masu dangantaka, ya faɗi ma'ana, ya ba da misali cikin raha, ya taɓo asali. Wajen asalin nan akwai buƙatar hattara, don da yawa daga labaran da ake bayarwa kan tushen irin waɗannan maganganu shaci-faɗi ne kawai.

BBC ma na da nata makamantan, wato 6 Minute English da The English We Speak, ga mai son Turancin Birtaniya. A watan Maris na 2025 umarnin shugaba Donald Trump ya dakatar da yawancin ayyukan Muryar Amurka, har da wannan sashe.